Abin da Inna Ta Ji a Motar Garba

Gangara, ranar Lahadi

Zuwa ga yayana Abdulhafiz,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Zuhaira da yara, da sauran mutanenmu da ke zaune tare da ku a Tamanrasset. Allah ya ƙara maka lafiya, ya sa albarka a cikin neman da kake yi, ya tsare ka daga sharrin hanya da na zaman baƙunta. Mu nan muna nan yadda Allah ya aje mu. Zafi ya kai inda ya kai, rijiyar unguwarmu ta ja baya har sai da aka ƙara igiya, amma hadari ya fara haɗuwa da maraice, maza sun fara sharar gonaki. Maigidana Malam Sidi lafiyarsa lau, sai ciwon gwiwar nan da ka san shi da shi. Ɗiyata Salamatu tana zuwa makarantar lakwal. Radiya matar Garba ta yi nauyi sosai, muna jiran saukarta ko yaushe, Allah ya raba lafiya.

Ina ƙara yi maka gaisuwar autanmu Manzo. Allah ya jiƙansa, ya yi masa rahama, ya sa ciwon da ya sha ya zame masa kaffara. Na san rashin ya fi maka zafi da yake kana nesa, ba ka ga fuskarsa ba, ba ka bi gawarsa ba. Allah ya ba mu haƙurin rashinsa baki ɗaya.

Yaya, ka yi ta tambayata a waya me ya sa ƙanenmu Garba ba ya ɗaukar kiranka, me ya sa kuma duk lokacin da ka ce a kai wa Inna waya sai in ce maka tana barci. An gaya maka ta kwanta ciwo bayan rasuwar, kuma gaskiya ne, amma ba a gaya maka yadda abin ya faru ba. Kawu Husaini ya ce a bar ka, tunda kana nesa babu abin da sanin zai ƙara maka sai baƙin ciki. Na bi maganarsa iyakar iyawata. Yanzu na ga shirun yana ƙara ɓata abubuwa, kuma maganar ba irin wadda zan iya faɗa a waya ba ce. Shi ya sa na zauna na rubuta, zan ba direban da ke hawa Agadas ya miƙa wa mutanenku. Ina roƙonka ka karanta har ƙarshe kafin ka yanke wani hukunci a kan kowa, har da kanka.

Ka tuna na'urar nan da ka aiko wa Garba bayan ƙaramar salla, wadda ake ɗaurawa a mota don direba ya riƙa amsa waya ba tare da ya saki sitiyari ba. Na san dalilin da ya sa ka aiko ta, don ni na ba ka labarin ranar da ya kusa kifar da mota a kwarin nan na hanyar Belbeji, hannu ɗaya a kunne, ɗaya a sitiyari, ga fasinja cike a baya. Jandarmomi ma sun sha tare shi a bakin kwalta kan wannan. Aikinsa kuwa ba ya yiwuwa sai da waya. Mai buhunan gero zai kira, mai kai awaki kasuwa zai kira, mai mara lafiya zai kira. Ranar da saƙon ya iso kowa ya sa maka albarka, kuma har yau ban janye tawa ba.

Malam Sidi ya ba shi shawara ya kai ta Tanut wajen masu aikin wayar mota su ɗaura masa. Garba ya ce motar da shi ke kwance ta ya mayar, ba zai kai wa wani ya taɓa masa ita ba a kan ɗan akwatin da bai kai tafin hannu ba. Ka san shi. Ran wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya ja motar zuwa ƙarƙashin aduwar ƙofar gida. An yi sa'a Manzo ya rufe shagon ɗinkinsa na Tanut ya zo ganin gida, sai ya zauna a kujerar gefe yana karanta masa takardar da ta zo cikin kwalin, da yake Faransanci ce kuma shi ya fi daɗewa a lakwal. Ni ina bakin zaure ina tsintar wake ina kallonsu. Da fari Garba ya cire kan batir, don Manzo ya ce takarda ta yi gargaɗi a kan haka. Sannan ya zaro rediyon daga mazauninta, wayoyi suka biyo ta kamar hanjin kaza, ja da baƙi da ruwan ɗorawa. Sun daɗe suna gardama a kan wace waya ce ke kawo wuta sai an murɗa makulli, wace ce kuma ke da wuta kullum. Karon farko Garba ya haɗa ba daidai ba, da ya mayar da kan batir sai fis ya ƙone, Manzo ya tafi wajen mai gyaran babura ya samo wani yana ta yi masa dariya. Garba ya fere bakin wayoyin da reza, ya murɗa su da juna, ya naɗe da baƙin salatif, har ya yanke a yatsa. Ɗan abin ɗaukar muryar kuma ya bi da wayarsa ta gefen gilashi, ya maƙala shi daidai saman kansa. Sai da la'asar ta yi sanyi suka gama.

Manzo ya ce bari a gwada. Ya zagaya bayan rumbu ya kira, ya maƙe murya kamar ta tsohuwa, yana tambaya ko direba zai yarda akuyarta ta zauna a gaba don iska na sa mata mura. Muryar ta fito ta lasifikan ƙofofin mota biyu, sarai kamar yana ciki. Muka yi ta dariya, har Inna ta leƙo ta ce me ake yi babu ita. Da ya dawo ya ci gaba da duba takardar, sai ya ce ai akwai yadda ake saita ta ta riƙa amsa kira da kanta, ba sai an taɓa komai ba. Ya ce hanyoyinmu yashi ne, direba na bukatar hannu ɗaya a sitiyari ɗaya a giya, ina zai sami na latsa wani abu. Garba ya ce ya saita. Manzo ya latsa abin da zai latsa. Da idona na gani, kuma ka riƙe wannan, don zan dawo kansa. Wannan aikin shi ne na ƙarshe da suka yi tare.

Ba wanda ya ji daɗin na'urar nan kamar Inna. Ka san kunnenta ya yi nauyi, in an kara mata waya sai dai ta yi ta cewa na'am ba tare da ta ji komai ba. A cikin motar kuwa, in Garba ya ƙure ƙarar, kowace kalma tana ji. Kai ma shaida ne, don kai ke kira da yamma. Abin da ba ka gani shi ne yadda take shiri. Tun kafin lokacin ta sake zane, ta ɗauki carbinta, ta je ta zauna a kujerar gaba motar na tsaye a ƙofar gida, ta ce wai iska ta fi kaɗawa a nan. Da yake kai ɗan fari ne, kunya ba ta barinta ta kira sunanka ko ta ja hira da kai, sai ta bar mu mu yi ta magana ita tana saurare, tana kallon ƙofar da muryarka ke fitowa. In an gama ta ce wancan na arewa muryarsa ta yi kauri, da alama yana cin abinci.

Da zafi ya tsananta sanƙarau ya shigo yankin. Ɗanmalam, abokin Manzo da suke shago ɗaya kuma suke kwana ɗaki ɗaya, ya kira Garba ya ce Manzo na fama da zazzaɓi da ciwon kai, wuyansa ya sanƙare, sun kai shi asibiti. Garba ya tafi a ranar. Da ya dawo ya ce jikin da sauƙi, ya buɗe ido, ya sha kunu, har ya tambayi Inna. Daga jin haka Inna ta ce ba za ta ƙara kwana biyu ba ta gan shi ba. Da yammacin nan ne ka kira, muka gaya maka da sauƙi, ka yi masa addu'a Inna na amsawa da amin. Aka gama aka rufe mota, ƙarar na nan a ƙure yadda aka bar ta, ba wanda ya yi tunanin rage ta.

Da safe Inna ta dama fura da hannunta, ta ce ta asibiti ba za ta yi masa daɗi ba, ta zuba a kwanon nan nata mai murfi ta ɗora a cinya. Ita ce a gaba. Ni ina baya tare da wata dattijuwar Bafulatana mai suna Dado, wadda ta roƙa a rage mata hanya zuwa Tanut. Ka san in an bar gari waya ba ta kamawa sai an kai tudun nan mai yashi kafin a gangara kwalta. Tun da muka tashi ashe Ɗanmalam ke nemana, don ya ga ni ce babba a nan, ya yi ta kira ba ya samu. Muna tsakiyar hawan tudun, Garba ya duƙa kan sitiyari yana fama da giya don kada mota ta nutse, sai aka ji ƙarar kira. Kafin wani ya motsa na'urar ta amsa. Muryar Ɗanmalam ta cika motar, yana kuka. Ga abin da ya faɗa, ban ƙara ban rage ba, don ba na jin zan manta shi har in mutu: «Garba, kana ji na? Manzo ya cika ɗazu. Na yi ta neman Yaya Rukaiya ban samu ba. Don Allah kada ka gaya wa Inna a hanya, ka bari sai kun iso, Kawu Husaini zai tare ku.»

Garba ya saki sitiyari ya kai hannu yana danna duk abin da ya samu, yana cewa Inna na cikin mota, Inna na cikin mota. Ɗanmalam bai ji shi ba, layin na yankewa, sai ya sake maimaita maganar daga farko don yana zaton ba a ji ba. Garba ya murɗe makulli, injin ya mutu, muryar ta ɗauke. Motar ta zauna cikin yashi har gindi.

Inna ba ta yi ihu ba. Ta juya ta dubi ƙofar da ke gefenta ta tambaya wa ke magana. Ta ce inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, a hankali, ta sake faɗa. Ni na kama kafaɗarta ta baya. Sai ta ce wa Garba ya tayar da mota mu tafi, kada a rufe mata yaro ba ta gan shi ba. Mota kuwa ta ƙi fita. Muka sauka ni da Dado muna tonon yashi da hannu, Garba na karyo ƙirare yana cusawa ƙarƙashin taya, hawaye na zuba bai ma san suna zuba ba. Da muka gaji Dado ta je ta tsaya jikin tagar Inna ta riƙe hannunta, tana yi mata magana da Hausarta da ba ta nuna sosai ba, ta ce ita ma ta binne nata a daji inda ba ta ƙara komawa ba. Allah ya saka wa matar nan da alheri, ban san rugarsu ba balle in je in yi mata godiya. Daga baya wasu masu raƙuma suka zo wucewa suka taya mu turi.

Mun hau kwalta ba mu yi nisa ba na ji kwanon ya faɗi, fura ta malale a ƙafafun Inna. Na leƙa na ga bakinta ya karkace, hannunta na dama ya saki, tana son magana harshe ya ƙi. Haka muka shiga asibitin da muka nufa dubiya, aka ɗauke ta a gadon turawa. Kawu Husaini na tsaye a bakin ƙofa ya shirya maganar da zai tare ta da ita, bai samu faɗa ba. Zafi bai bari a jira ba, kuma likitoci sun ce saboda irin ciwon kada a jinkirta. An yi wa Manzo sutura an kai shi tana kwance ba ta san inda take ba. Ba ta gan shi ba, Yaya.

Na tsare likitan da ya duba ta na tambaye shi ko yadda ta ji labarin ne ya jawo wannan. Ya ce hawan jininta ya daɗe, kuma ta daɗe ba ta shan magani yadda ya kamata, irin wannan yana iya faruwa ko da an zaunar da ita a tabarma an gaya mata a hankali, yana iya faruwa ko babu wani labari. Na ce to amma da an gaya mata a hankalin fa. Ya ce shi ba zai iya rantsewa a kan ko ɗaya ba. Ni ma ba zan iya ba. Na juya abin a raina har na gaji, na bar wa Allah.

Garba bai bar shi ba. Ranar da muka dawo da Inna gida, bayan an shigar da ita ɗaki, ya koma motar ya kama na'urar ya fizge. Bai tsaya kwance komai ba, ya yi ta ja da hannu, wayoyin rediyo da na fitilu da waɗansu da ban san na mene ne ba duk suka biyo. Ya ɗauki ɗan akwatin ya ɗora a turmi ya bi shi da taɓarya. Radiya ta so ta riƙe shi na ce ta bar shi. Tun daga ranar motar ba ta ƙara tashi ba. Tana nan ƙarƙashin aduwa, tayar baya ta sace, kaji na kwana a ƙarƙashinta. Wayarsa kuma ya kashe ya jefa cikin akwatin kayan Radiya. Dalilin da ba ka samunsa ke nan. Ba fushi yake da kai ba. Ya ce mini ba shi da bakin da zai yi maka magana, ka ba shi amanar tsohuwa ga abin da ya yi da ita.

Abin da ya ƙara dagula shi maganar Kawu ce. Wajen zaman makoki, cikin mutane, Kawu Husaini ya ce tun da aka halicci duniya manya ke kai labarin mutuwa, su zauna, su yi addu'a, su faɗa a hankali, amma yau yaro ya ɗaura ƙarfe a mota ya bar shi yana magana ba izinin kowa, ga shi ya kashe wa ƴar'uwarsa, wato Inna, rabin jiki. Na san zafin rai ne ya sa shi, shi da Inna ciki ɗaya suka fito, kuma daga baya ya ce wa Malam Sidi bakinsa ne ya kuɓuce. Amma bai faɗa wa Garba haka ba, kuma maganar ta riga ta zaga gari. Yanzu wasu in sun gan shi sai su yi shiru. Wasu kuma tausayi suke nuna masa irin wanda ya fi zagi ciwo.

Ga abin da na ce ka riƙe. Ba sau ɗaya ba aka tambayi Garba a gabana me ya sa ya bar abu yana amsa kira da kansa, kuma kullum amsarsa ita ce shi ya ɗaura, shi ya saita. Na same shi shi kaɗai a bayan gida na ce masa ina bakin zaure ranar, na ga wanda ya kawo shawarar, na ga wanda ya latsa. Ya dube ni ya ce in bar Manzo ya kwanta lafiya, kuma in na faɗa wa wani bai yafe mini ba. Ban faɗa wa kowa ba sai kai, kuma ba don in ɗora wa mamaci laifi na faɗa ba. Manzo ya yi ne don kada ɗan'uwansa ya kife a yashi, kai ka aiko don haka, Garba ya ƙure ƙara don Inna ta ji muryarka, Ɗanmalam ya kira don a kare ta. Na duba ban ga wanda ya yi nufin wani abu ba sai alheri. Na faɗa maka ne don ka san nauyin da yaron nan ya ɗauka shi kaɗai.

Ɗanmalam ya zo har gida neman gafara, ya kawo keken ɗinkin Manzo da kayansa a ɗaure. Ya rame kamar shi ya yi jinyar. Na yi masa iso wajen Inna, ya durƙusa a bakin ƙofa ya yi sallama. Fuskarsa ba ta dame ta ba, don ta san shi, ta sha ba shi tuwo. Amma yana buɗe baki ya fara magana sai ta ɗaga hannunta mai lafiya ta toshe kunne, ta juya fuska bango. Ya tashi ya fita da baya. Na bi shi zaure na ba shi haƙuri, ya ce shi ya san muryarsa ta zame mata abin tsoro, ba zai ƙara zuwa ba, amma a gaya mata Manzo bai sha wuya a ƙarshe ba, kuma ya samu kalmar shahada. Na gaya mata da bakina bayan ta natsu. Ta lumshe ido, hawaye suka bi ta gefe ɗaya.

Halin da take ciki yanzu shi ne ɓangaren dama bai dawo ba. Ni da Radiya muke juya ta, mu yi mata wanka, mu ba ta abinci, ga Radiya da nata nauyin. Hankalinta na nan sarai, tana gane kowa, tana salla a kwance. Magana ce dai sai kalma ɗaya ɗaya, ita ma da ƙyar. Kuma ba ta jure ƙarar waya. Duk da nauyin kunnen nan nata, ko ta maƙwabta ta jiyo ta kan katanga sai numfashinta ya sarƙe, ta kama zanena ta riƙe. Duk mun kashe ƙarar namu, in zan amsa kiranka sai na fita bayan gida wajen turken awaki. Wannan shi ne barcin da nake ce maka tana yi.

Akwai abu ɗaya da ya ɗan sanyaya mini rai. Garba ya daina shiga ɗakinta tun da muka dawo. Kullum da safe zai zo ya zauna a dokin ƙofa daga waje, inda ba za ta gan shi ba, ya tambaye ni yadda ta kwana, ya tashi. Abinci kuma sai Radiya ta yi da gaske yake taɓawa. Ran Alhamis ɗin da ta wuce ina ba Inna tuwo sai ta kawar da kai, ta ja zanena tana nuna ƙofa. Na ɗauka iska take so, na ɗage labule, ta ci gaba da nunawa. Ashe inuwarsa ta gani a ƙasa. Na ce masa ya shigo ana kiransa. Ya shigo kansa a sunkuye ya durƙusa. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta tura masa kwanon tuwon da hannun hagu ta ce, «Ci.» Ya ci yana kuka, ita kuma ba ta ɗauke ido daga kansa ba sai da ya cinye. Tun daga ranar yana shiga, shi ke ɗaga ta in za a gyara shimfiɗa. Amma motar har yanzu ko kallonta ba ya yi.

To ga inda maganar ta tsaya. Likita ya ce a kai Inna Damagaram wajen masu gasa jiki, kuma in aka daɗe ba a fara ba hannun da ƙafar za su sandare yadda ba za su ƙara dawowa ba. Ba za ta iya zaman motar kasuwa ba, cikin matsi da wayoyin mutane na ƙara ta ko'ina. Radiya ma in haihuwa ta zo da gardama ban san da me za mu fita da ita ba. Makon jiya a amalanke aka ɗauki matar maƙwabcinmu tana naƙuda, motar na tsaye suka wuce ta gabanta, Garba na cikin gida ya ji wucewarsu bai fito ba. Malam Sidi ya yi masa magana, liman ya yi masa, Garba ya ce su yi haƙuri, hannunsa ba zai ƙara kama sitiyari ba. Na san maganar mutum ɗaya ce ba ya iya tsallakewa tun yana ƙarami, taka ce. Ina roƙonka don Allah ka nemi izini wajen aikinka ka zo, ko na ɗan lokaci ne. Ka zauna da shi ka faɗa masa da bakinka cewa ba ka riƙe shi da komai ba. Ku nemo mai gyara daga Tanut ya mayar da wayoyin, in ya so kai ka fara jan motar shi yana gefe. Ka je ka ga Kawu kuma, don shi ma yana jin kunyar abin da ya faɗa, neman wanda zai buɗe masa ƙofa yake. Kada ka aiko da saƙo, ba saƙo muke bukata ba.

Ka gaishe mini da Zuhaira, ka ce mata na gode da addu'o'inta. Ka shafa mini kan Abdulgafar da ƙanwarsa Amatullahi, ka ce gwaggonsu na kewarsu. Ka gai da Malam Jika mai masaukinku da iyalinsa. Malam Sidi na gaishe ka, da Radiya, da Salamatu. Garba bai san na rubuta ba. Inna ta sani, na gaya mata jiya, ta kama hannuna ta matse.

In Allah ya sa ka taso, kada ka kira ka ce ga ka nan a hanya. Ka zo kawai, ka tsaya a zaure ka yi sallama da ƙarfi yadda za ta ji.

Wassalam. Ni ce ƙanwarka,
Rukaiya